Ƙafar Iya da Kunun 'Yan Dubiya

Matso nan kusa, 'yar'uwa, ki ajiye abin da ke hannunki. In kina cikin masu dama kunu su cika termos da zarar an ce wance tana kwance, to da ke nake. Labarin kakata zan ba ki, ki ji yadda muka rasa ta a tsakiyar mutanen da babu ɗaya a cikinsu da ba ya ƙaunarta.

Sunanta Hajja Asabe, amma duk unguwarmu ta Briqueterie, a Yawunde, Iya ake ce mata. Ita ta haifi babana. Uwata ta rasu ina goye, babana kuma direban babbar mota ne, kwanansa a hanyar arewa ya fi kwanansa a gida, saboda haka a hannun Iya na tashi. Da na yi aure ma ban yi nisa ba, lungu ɗaya ne tsakaninmu, in ta soya albasa ina jin ƙamshin daga ɗakina. Kulu take ce mini, in tsokana ta motsa mata ta ce Ƙawalliya mai hannun gishiri.

Iya ba ta taɓa zama a kasuwa ba, ba ta shiga aji ba, tsakar gida ita ce duniyarta. Simintin duk ya fashe, amma ko da damina, lokacin da jar lakar Yawunde ke bin kowa har gado, ba za ki ga sawu a ƙofar ɗakinta ba. Ta san jikan da ba ya cin kuɓewa, ta san wanda sai an ɓoye masa ƙanzo. Abin da aka fi saninta da shi kuwa kunun gyaɗa ne, mai shinkafa da tsamiya, sukarin ma ba da cokali take aunawa ba, da tafin hannu take zubawa. In an yi haihuwa, ko wani ya kwanta ciwo, kafin dangin mutum su gama ɗaura zane termos ɗin Iya ya riga su isa. Kuma ba ta ajiyewa ta tafi. Za ta tsiyaya a kofi, ta miƙa, ta tsaya a kanka da hannu a ƙugu sai ka shanye. In ka ce bakinka ba daɗi, ta ce, “Ba don bakinka na dama ba, don cikinka ne.” A wurinta, ka mayar wa mutum abin da ya dafa maka daidai yake da ka ce masa ba ka yarda da hannunsa ba. Haka ta koya wa unguwa, unguwa kuma ta haddace.

Ciwon ya fara ne da ƙishirwa. Ta sha ruwa, ta sake sha, kullum tana hanyar bayi da buta. Zanenta ya fara yi mata yawa. Sai kuma tafin ƙafa, ta ce kamar ta taka garwashi. Duk wanda ya tambaya ta ce tsufa ne, ba shi da asibiti. Goggo Hadiza, ƙanwar babana da ke aure a unguwar Messa, ta zo ta duba ta ce zafi ne ya taru mata a ƙasa, lalle ke sauke shi. Aka yi ta ƙunsa mata lalle, wani kan wani, har ƙafar ta yi baƙi ƙirin kamar ta amarya. Jikoki maza suna ta tsokanarta wai wa za ta aura a cikinsu, tana cewa ba ta auren wanda ba ya iya sayen kilishi.

A ƙofar gidan akwai wani guntun kwanon rufi da aka shimfiɗa a kan lambatu. Ashe bakinsa ya yanke ta a ƙaramin yatsa, ita ba ta ji ba, mu kuma ba mu gani ba, lalle ya rufe komai. Ranar da na gane, sunkuyo ne ya gagare ta, na durƙusa ina zuba mata ruwan alwalar Azahar.

Na ce, “Iya, wannan yatsan yaushe ya kumbura?”

“Ke dai zuba ruwa, lokaci na wucewa.”

“Yana wari fa.”

“Hancinki ne. Tun kina yarinya kike shinshine-shinshine kamar kyanwa.”

Na danna. Yatsan ya lotsa kamar ayabar da ta nuna ta wuce, ita kuwa ko gezau, tana kallon kaji.

Na je na gaya wa Baffa Sale, babban ɗanta, mai shagon yadi wajen kasuwar Mokolo, wanda maganar gidan ke hannunsa. Ya ce a fara gwada mai sayar da magani na bakin titi. Shi kuma ya ba mu kafso, ya ce a riƙa buɗewa ana barbaɗa garin a kan ciwon. Sati guda muka ɓata a haka, sai da warin ya hana mutane zama a ɗakin sannan Baffa ya kira taksi. Mota ba ta shiga lungunmu, a kan kujera aka ɗauko ta zuwa titi, tana rufe fuska da mayafi don kunya.

Wanda ya san babban asibiti ya san layinsa. Layin karɓar karne, wato katin asibiti, daban, layin biya daban, kuma ba mai kallon ƙafarka sai ka nuna takardar biya. Tun da hantsi muke kan benci sai bayan La'asar aka kira mu. Iya ba ta jin Faransanci sai gaisuwa, nawa kuma na cefane ne, haka dai muka lallaɓa. Wata nas ta ɗauki auduga tana ta goge yatsan wai ta cire lallen ta ga ciwon. Likitar ta shigo, wata matashiya 'yar kudu mai tabarau, ta riƙe hannun nas ɗin ta ce ta bari, wannan baƙin ba lalle ba ne, naman ne ya mutu. Aka soki yatsan hannun Iya aka ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Likitar ta kalli lambar, ta kalle ni, ta ce diabète, ciwon sukari, kuma ya daɗe a jikinta.

Washegari aka cire yatsan. Likitar ta zaunar da ni ta yi mini magana a hankali don in gane. Ta ce in sukarin ya sauka, ciwon zai rufe, Iya ta koma gida da ƙafarta. In bai sauka ba, baƙin zai hau, sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Ta haɗa yatsu biyu ta yi zobe a gaban fuskata ta ce, “Zéro sucre, madame. Zéro.” Wato sukari ko ƙwaya ɗaya kada ta sha. Har yau in na rufe ido ina ganin zoben nan.

Na fassara wa Iya. Ta ce, “Gaya mata yatsa na yafe. Ƙafa kuwa da ita nake tsayawa gaban murhu, kuma da ita zan koma wa Mai ita.”

Satin farko ya yi kyau, don mutane ba su gama ji ba. Ni ke kwana da ita, ni ke dafa mata abin da aka ce, miyar ganye da ɗan tuwo kamar na yaye. Tana ci tana mita, wai wannan abinci ko akuya sai an roƙe ta. Allura safe da yamma, wankin ciwo kullum. Kowace safiya da sabuwar ordonas, takardar maganin da za mu saya, kowace ta fi ta jiya tsawo, har safar hannun da nas za ta sa mu ke saya. Baffa bai taɓa ɓata fuska a kan kuɗi ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Goggo Hadiza ta cire 'yan kunnenta na zinariya ta kai kasuwa ba wanda ya roƙe ta. Gadon da ke kusa da namu wata dattijuwa ce, Mama Odile, 'yarta ce ta nuna mini famfon da ba ya ɗaukewa da farmasin da ya fi sauƙi a cikin gari. Allah ya saka musu. Zuwa ƙarshen satin ciwon ya yi ja, likitar ta ce haka ake so, har ta dafa kafaɗar Iya ta ce mata Maman.

Sai aka yi Juma'a, aka yi mata addu'a a masallaci, labari ya gama unguwa.

'Yar'uwa, ban taɓa ganin dubiya irin wannan ba. Daga Briqueterie, daga Messa, daga Cité Verte, matan da ta yi wa jego, da 'ya'yan da aka haifa a jegon su ma da nasu goyon. Mama Odile ta tambaye ni ko kakata matar sarki ce. Kuma ba wadda ta zo hannu sake. Wannan kunun gyaɗa, wannan folere, zoɓo kenan, mai sanyi, wannan madarar gwangwani mai zaƙi, wannan dabinon da aka ajiye tun dawowar alhazai.

Ta farko da na tara ita ce Hajja Fanta, ƙawar Iya tun suna amare, Bafulatanar Garwa da ke zaune can saman tudu a unguwar Madagascar, mai ciwon gwiwa. Ta zauna tana haki, ta buɗe termos, ta tsiyaya.

Na ce, “Hajja, likita ta hana ta zaƙi.”

“Wane zaƙi? Ban sa sukari ba. Zuma ce, daga Ngawundare aka kawo mini. Zuma ai magani ce, 'yar nan.”

“Ita ma an hana.”

Ta ajiye murfin a cinyarta ta kalle ni sama da ƙasa. “Lokacin da aka yi mini aiki a ciki, kakarki ta tsaya a kaina sai da na ga gindin kofi. Ke lokacin ko zane ba ki iya ɗaurawa ba. Yau ni za ki ce in koma da nawa?”

Iya ta miƙo hannu ta gefena. “Kulu, ba ni kofin. Kurɓa ɗaya ce.”

Kurɓa ɗaya ce kuwa. Amma ki lissafa matan da ke shigowa daga buɗe ƙofa zuwa rufewa, kowace da kurɓarta, kowace kuma sai ta tsaya a kanta da hannu a ƙugu, tana dariya tana cewa yau ga ranar ramuwa. Wadda aka sha nata rabin kofi ta fita tana faɗa, ta bayanta ta ji, ita ma ba za ta yarda a sha nata ƙasa da haka ba.

Na koma tsayawa a bakin ƙofa. In na hango mayafi da termos sai in tare, in ce tana barci, in karɓa in raba wa masu jinyar sauran gadaje. Kwana kaɗan na yi ina haka ƙara ta isa shago. Baffa ya zo ya kira ni baranda.

“Kulu, me nake ji? An ce kin zama ɗan sanda a ƙofa.”

“Baffa, likita ce ta ce ko kaɗan kada ta sha.”

“Likitar a unguwarmu take zaune? Matar liman kika tare a tsaye kamar mai bara. Gobe in an sallame mu da wane ido za mu kalli mutane?”

“Ƙafar Iya fa, Baffa.”

“Kurɓar kunu ba ta yanke ƙafa. Ki bar mutane su ga uwarsu, ba ke kaɗai ta raina ba.”

Ba a ja da Baffa a gidanmu. Kuma ko da zan ja, ba ni da jiki biyu. Ni ce mai ɗan Faransancin, ni ke bin layin farmasi, ni ke neman nas in ta ɓace. Duk fitar da zan yi Goggo Hadiza ke zama, ita kuwa ba ta iya ce wa babba a'a. In na dawo sai in tarar da kofuna a kife, an ɗauraye su, ruwa bai ma bushe ba, Iya tana goge baki da gefen mayafi tana tambayata ko an yi ruwa a waje.

A sati na uku lambar na'urar nan ta ƙi sauka. Aka ƙara allura. Jan ciwon ya koma toka-toka, warin ya dawo, baƙin ya haye kan ƙafa. Likitar ta buɗe lokar gefen gado ta ga gwangwanaye da dabino, ta juyo kaina a gaban duk ɗakin ta ce mu ne muke kashe ta. Ni ta yi wa faɗa, don ni ce a gabanta. Ba ta taɓa cewa a kira mata Baffa ba. A duk ɗakin nan babu ma'aikaci ɗaya mai jin Hausa ko Fulatanci da zai tsaya da farar riga ya gaya wa matan nan da bakinsa, alhali maganar farar riga ɗaya ta fi tawa ɗari. Mai gadin ƙofa kuma duk wadda ta sa masa abu a hannu ta wuce, ko lokacin dubiya ne ko ba shi ba. Ranar Lahadi ba a wanke ciwon ba sam, wai mai wankin ba ta zo ba. Kowa dai ya sa hannunsa.

Wani yammaci aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba wanda ya iya zuwa, muka samu kanmu mu biyu. Ina shafa mata mai a hannu na ce, “Iya, kin san kunun nan ne ke cin ƙafarki?”

“Na sani. Yarinyar nan mai tabarau ba ta yi kama da maƙaryaciya ba.”

“To don me?”

“Fanta ta sauko tudun nan da gwiwarta, ta biya taksi, ta dama da hannunta. In ce mata me?”

“Ki ce likita ta hana.”

Ta juya tana kallon ruwan da ke bin taga. Can ta ce, “Su ma da yawansu likita ya hana su, na ce su sha. Shekara nawa ina tsayawa a kansu. In na ƙi nasu yau, kenan nawa da suka sha dole na yi musu, ba alheri ba. Ki bar ni, Ƙawalliya. Ba zan fara mayar da kwano da furfura ba.”

Na yi kuka, ta ce in matsa kada in jiƙa mata zane.

Bayan 'yan kwanaki likitar ta ce lokaci ya yi, a yanke yanzu, in ba haka ba dafin zai shiga jini. Aka taru a baranda. Aka kira babana a waya yana can hanya, ya ce duk abin da Yaya Sale ya yanke. Baffa ya shiga ya durƙusa gaban gado ya gaya mata. Ta ce, “Sale, ka mayar da ni ɗakina.” Ya sa hannu a takardar cewa mu muka ɗauke ta da kanmu. Likitar ta rubuta mana allura da kayan wanki, ta riƙe hannun Iya ta daɗe.

A gida babu ƙofar da za a tare. Ɗakin ya cika tun daga safe, termos a jere a gindin bango kamar shago. Masu ba da shawara suka ƙaru, wannan ta ce a shafa zuma a ciwon, wannan ta ce akwai mai magani a bayan kasuwa da ya warkar da ƙafar da ta fi wannan. Duk an gwada. Ni dai ina wanki ina allura, ina kallon baƙin yana wuce idon sawu yana hawa ƙwauri. Zazzaɓi ya zo. Ta fara magana ba kai, duk kuma maganar girki ce, a sauke tukunya za ta kama, a rage wa wane nasa bai dawo daga makaranta ba, wa ya bar tsintsiya a ruwa. Ranar ƙarshe ko haɗiya ba ta iya yi sosai, da cokali ake ɗiga mata abu a baki. Tsakanin Azahar da La'asar ta cika, da ƙafarta a jikinta kamar yadda ta so, sai dai masu wanka sun naɗe ta da ƙyalle kafin su iya taɓawa. Allah ya jiƙan Iya, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi.

Ba zan ce matan nan ba su so ta ba. Su suka yi mata wanka, su suka ɗora tukwane, su suka kwana da mu a tabarma, ba su bar ni na ɗauki ko tsintsiya ba. Wannan ne ma ya fi ci mini rai, don da maƙiya ne da na san inda zan kai fushina. Abin da nake roƙo kawai, tsohuwarki in ta fara yawan shan ruwa tana cewa tafin ƙafa na zafi, ki bar lallen nan ki duba tsakanin yatsunta da idonki. In za ki dubiya, ki tambayi mai kula da mara lafiyar kafin ki hura wuta. In ta ce a'a, ki kawo sabulu, ki zauna ki karɓe ta ta je ta yi wanka.

Ana cikin zaman makoki Hajja Fanta ta sa aka kira ni. Ta rame, idanunta sun kumbura. Ta jawo ni jikinta, ta riƙe hannuna da hannayenta biyu, mata suna zagaye da mu.

Ta ce, “Kulu, 'yar nan, ban yi barci ba tun ranar. Abu ɗaya ne ke sanyaya mini rai. Da safen ranar da ta cika ni na ɗaga kanta, na ba ta cokali biyu ta haɗiye. Kununa ne abu na ƙarshe da ya shiga cikin Asabe. Allah ya nufe ni da na rama mata.”

Matan suka ce Allahu akbar, zumunci ya yi. Ita kuma tana kallon fuskata, hawaye na zuba, tana jiran in ce wani abu. Tsohuwa ce, sa'ar kakata, kuma da zuciya ɗaya ta faɗa. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Allah ya saka da alheri, Hajja.”

Ke da kika saurare ni har nan, da ke ce hannunki ke cikin nata, me za ki ce mata?